Sa Ya Yi Maka Noma, Kada A Sallame Shi Da Sanda

'Yan'uwa manoma, tun zamanin Shirin Raya Aikin Gona na Funtua, wanda aka soma a 1975, garmar shanu ta ƙara yaɗuwa a ƙasarmu, daga Bakori har Malumfashi da Ƙafur. Bijimi yakan yi shekaru yana huɗa yana jan amalanke. In ƙarfinsa ya ja baya, sai a turke shi, ya yi ƙiba, a kai shi kara. Daga nan sai kwata. To, a wannan 'yar tafiya ta ƙarshe ne ake yi masa wulakanci, mu kuma muna tafka hasara ba mu sani ba.

Abin da duka ke jawowa

Duk inda sanda ta sauka, jini yakan kwanta a cikin tsoka. Mahauci zai yanke wurin ya yar. Jan sa a ƙasa kuwa yana ɓata ƙirgi. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani da wuri. Tsokar dabba tana da wani sukari da take ajiyewa. Tsoro da gajiya da doguwar tafiya suna ƙone shi. In aka yanka sa a wannan hali, naman yakan yi duhu, ba ya kuma daɗewa sai ya soma wari. Mahaucin da ya yi hasara yau, gobe zai rage tayi.

Yadda ake tafiyar da sa

Sa yana gani kusan ko'ina kewaye da shi, ban da bayansa sosai. Kada ka ɓullo masa ta nan. In kana so ya yi gaba, tsaya bayan kafaɗarsa kaɗan. In ka tsaya gabanta, baya zai ja. Inuwa, ko tsumma mai kaɗawa, ko ihu, sukan sa ya turje. Wata masaniya a Amurka, Temple Grandin, ta nuna cewa in an kawar da waɗannan, shanu sukan bi hanya da kansu. A loda su ta kan tudu, kada a tilasta musu tsalle. In an isa, a ba su ruwa da inuwa su huta.

Sumarwa kafin yanka

A Ingila tun 1933, a Amurka kuma tun 1958, akwai dokar sumar da shanu kafin yanka, amma an keɓe yankan addini. Da wata bindiga ake yi, mai harba ƙarfe a goshi, daidai inda layi biyu suka gitta daga kowane ido zuwa gindin ƙahon ɗaya gefen. In ta yi daidai, sa zai faɗi nan take, numfashi ya tsaya, ido ba ya ƙiftawa ko an taɓa shi. In yana neman tashi, to, aiki bai yi ba, sai a sake nan da nan.

A nan wurinmu da wuƙa ake yanka, bisa ka'idar Musulunci. Ita ma ta ce a wasa wuƙa sosai, a hutar da dabba. Watau a kayar da sa da igiya a hankali, ba da karya wutsiya ba, a yanka da sauri, kada kuma a soma fiɗa sai rai ya fita sarai.

Abin da ƙungiya za ta yi

A taronku na gaba ku zaɓi mutum biyu masu raka shanun ƙungiya kasuwa. Ku yi sharaɗi da direba kada ya cunkusa su. Ku zauna da Sarkin Fawa cikin girmamawa, gama ribar ta kowa ce. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.