Madugu ko Mai Laifi? Gardamar Agadas da Turai

Idan motocin Hilux suka jeru a bayan garin Agadas za su nufi Dirku, sanduna ne ido ke fara kamawa. An kakkafe su a gefen bodi, kowane fasinja ya rungume tasa a tsakanin ƙafafu, domin wanda barci ya sace ya faɗo cikin hamadar Tenere ba lalle a juyo dominsa ba. Jarkokin ruwa kuwa an naɗe su da buhu don kada rana ta dafa su.

Hanya ce ta raini wannan gari, wanda hasumiyar masallacinsa ta laka, mai tsawon mita 27, ta samo asali tun ƙarni na 16. Kakanni sun ja ayarin raƙuma zuwa Fashi da Bilma, su kai gero, su ɗauko gishiri da dabino, su gangara har Kano. Madugu uban tafiya ne, kuma sanin inda rijiya take ilimi ne da ake gado. Bayan sulhun 1995 da gwamnati, tsofaffin 'yan tawaye da dama sun ajiye bindiga sun kama sitiyari, da sanin hukuma. Da tawayen 2007 ya kori 'yan yawon buɗe ido, jigilar baƙi masu nufar Libiya ce ta riƙe gari: mai masauki, mai tuwo, bakanike, ɗan kamasho, har mai sayar da rawani, kowa na samun na cefane.

A watan Mayun 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga mai safarar baƙin haure. Watanni shida bayan haka aka yi taron Valletta, inda Tarayyar Turai ta buɗe asusun tare ƙaura. Daga 2016 aka shiga kama direbobi ana ƙwace motoci. Turawa na ganin direban a matsayin mai cinikin rayuka. Shi kuma tambayarsa ɗaya: yarjejeniyar 1979 ta ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, wadda Nijar ke cikinta a lokacin, ta ba ɗan Gambiya ko ɗan Senegal damar shiga Nijar ba biza, to ina laifin kai shi daga Agadas zuwa Dirku, alhali duk cikin ƙasa ɗaya ne?

Tambayar tana da nauyi, amma ba ta wanke kowa ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, yawanci mata da yara, akasarinsu 'yan yankin Kance na Nijar. Daga Arlit suka taso, motoci suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Wanda ya ce dokar cusawar Turawa ce kurum bai yi wa waɗannan mamata adalci ba. Akwai direba mai riƙon amana, akwai kuma wanda ke miƙa fasinjansa ga masu azabtarwa a Libiya don a tatsi danginsa.

Sai dai dokar ta yi musu kuɗin goro. Direbobi suka bar sananniyar hanya mai rijiyoyi da rakiyar sojoji, suka koma ratse cikin dare. Kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, wani kuma da ya hango 'yan sintiri sai ya zube mutane a tsakiyar yashi ya tsere. Jarin da aka yi alkawarin ba masu barin sana'ar, kaɗan ne suka gani a hannu.

A watan Nuwamban 2023 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar, ta kuma shafe hukuncin da aka yanke a ƙarƙashinta. Ayarin motocin ya dawo a bainar jama'a. A gefen Aljeriya kuwa ana ci gaba da sauke baƙin da aka koro a cikin hamada, su tako kilomita 15 a ƙafa kafin su iso garin Assamaka na Nijar.