AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Labarin ɗan kallon da mutanen Shikago suka ɗora wa laifin faɗuwar ƙungiyarsu

A daren Talata, 14 ga watan Oktoba na shekara ta 2003, mutane kusan dubu 40 suka cika filin wasa na Wrigley, a birnin Shikago na ƙasar Amurka. Daga cikinsu akwai wani saurayi ɗan shekara 26, ma'aikacin ofis, sanye da tabarau da hular ƙungiyar garinsu. Ya sayi tikitinsa kamar kowa, ya samu kujera a sahun gaba, dab da katangar da ta raba ƴan kallo da ƴan wasa. Ya maƙala ƴar radiyo a kunne, yana sauraron sharhin wasan da yake gani da idonsa.

Lokacin da ya shigo filin, in ban da abokan tafiyarsa, ba wanda ya san shi. Kafin rana ta sake faɗuwa, hotonsa ya gama ƙasa, motocin ƴan sanda kuma suna tsaye a ƙofar gidansu don kare lafiyarsa. Laifin da aka ce ya yi shi ne ya miƙa hannu ga ƙwallon da ya nufo shi. Ba a kawo sunansa cikin wannan labari ba, don kuwa bayyana sunan nan yana cikin abubuwan da suka hana shi sakat shekara da shekaru.

YADDA AKE WASAN

Wasan da ake yi a daren nan shi ne besbol, wanda Amurkawa suke ji da shi ƙwarai. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 9. Ɗan wannan ƙungiya ya jefo ƙaramin ƙwallo mai tauri, ɗan waccan ya buge shi da kulki, sa'an nan ya sheƙa da gudu. Akwai zango huɗu a filin. Wanda ya kewaye su duka ya dawo inda ya tashi, ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Aikin masu tsaro shi ne su fidda masu bugu ɗaya bayan ɗaya. In suka cafe ƙwallo a sama kafin ya taɓa ƙasa, mai bugu ya fita kenan. Da zarar an fidda mutum uku, sai a canja: masu tsaro su koma bugu, masu bugu su koma tsaro. Haka ake yi har turmi 9.

Ƙungiyar gida, mai suna Cubs, tana karawa da Marlins ta jihar Florida. Karo 7 aka tsara tsakaninsu, wadda ta riga cin 4 ita za ta wuce zuwa babbar gasar ƙarshe, wadda Amurkawa suke kira Gasar Duniya. Cubs ta riga ta ci karo 3, Marlins ta ci 2. Wato in Cubs ta yi nasara a daren nan, magana ta ƙare.

JIRAN SHEKARA 95

Ba za a gane abin da ya faru ba sai an san irin ƙishirwar da mutanen Shikago suke ciki. Rabon Cubs da ɗaukar kofin Gasar Duniya tun 1908, shekara 95 kenan a lokacin. Rabonta da ko shiga gasar ma tun 1945. An haifi mutane, sun girma, sun tsufa, sun mutu suna goyon bayan ƙungiyar, ba su ga kofi ba.

Da jira ya yi tsawo, sai camfi ya samu wurin zama. Ana ba da labari cewa a 1945 wani mai mashaya, William Sianis, ya zo filin Wrigley da bunsurunsa, aka kore su saboda warin dabbar. Ya fusata, ya yi wa ƙungiyar baki. Tun daga nan, duk lokacin da Cubs ta faɗi, sai a ce bakin mai bunsuru ne. Wasu da wasa suke faɗin haka, wasu kuma har cikin ransu. Ko ta yaya, ƴan kallon sun saba da neman dalilin faɗuwarsu a wajen fili, kuma sun saba zama da fargaba ko da suna kan gaba.

ABIN DA YA FARU A TURMI NA TAKWAS

Da aka shiga turmi na 8, Cubs tana da maki 3, Marlins ba ta da ko ɗaya. Mai jifan Cubs, Mark Prior, yana cikin gwanayen shekarar. Ya fidda mutum ɗaya, saura biyu a wannan turmi da uku a na ƙarshe. Mutum biyar kacal suka rage tsakanin Shikago da abin da take jira tun 1945. A titunan da ke kewaye da filin, dubban mutane sun taru suna shirin biki.

Sai wani ɗan Marlins, Luis Castillo, ya bugo ƙwallo. Ƙwallon ya tashi sama, ya kauce wajen hagu, ya nufi kujerun ƴan kallo. Mai tsaron wannan ɓangare, Moises Alou, ya rugo, ya yi tsalle a jikin katanga, ya miƙa hannunsa cikin mutane. A daidai lokacin, ƴan kallo da dama suka miƙa nasu hannuwan, don al'ada ce a besbol duk ɗan kallon da ya cafe ƙwallo ya tafi da shi gida. Ƙwallon ya bugi hannun saurayin nan, ya faɗi tsakanin kujeru. Alou ya dira hannu wofi, ya fyaɗa safarsa ta fata cikin fushi, yana daka tsawa wajen ƴan kallo.

Alƙalin wasa ya ce ba a karya doka ba. Bisa ƙa'idar besbol, in ɗan wasa ya zura hannu cikin wurin ƴan kallo, ba shi da ikon cewa an hana shi kamawa. Aka ci gaba da wasa. Allo bai canja ba: Cubs 3, Marlins babu. Abin da aka rasa shi ne damar fidda mutum ɗaya, shi kenan.

Amma daga nan sai komi ya kwance. Prior, wanda ya riga ya yi jifa fiye da 100 a daren, ya kasa saita hannunsa, har doka ta ba Castillo izinin tafiya zangon farko a ɓagas. Na bayansa ya buga, Marlins ta samu maki ɗaya. Sa'an nan aka bugo wani ƙwallo mai sauƙi, yana gangarowa bisa ƙasa zuwa ga Alex Gonzalez, mai tsaron da ba kasafai yake kuskure ba. Da ya riƙe shi da kyau, da an fidda mutum ɗaya, wataƙila ma biyu a rufe turmin. Sai ƙwallon ya kuɓuce masa. Mai bugu na gaba ya daidaita wasa 3 da 3. Aka canja mai jifa, abin bai tsaya ba. Kafin turmin ya ƙare, Marlins ta zuba maki 8. Aka tashi 8 da 3.

YADDA TARO YA SAMU WANDA ZAI KAMA

A wancan lokaci filin Wrigley ba shi da babban allon da ke maimaita hoton wasa. Yawancin waɗanda ke ciki ba su ga abin da ya faru da kyau ba. Amma gidan telebijin da ke watsa wasan ya dinga maimaita hoton, yana nuna fuskar saurayin kusa kusa. Mutanen gida suka riƙa buga wa ƴan'uwansu da ke filin tarho, suna kwatanta musu kamanninsa da wurin zamansa. Duk makin da Marlins ta ƙara, sai fushi ya ƙaru. Aka fara nuna shi da yatsa, ana rera masa zagi, ana jifansa da tarkace, ana watsa masa giya. Shi kuwa yana zaune shiru, radiyonsa a kunne. Daga ƙarshe masu tsaron fili suka kewaye shi, suka fitar da shi yana rufe fuska da rigar sanyinsa.

Washegari wata babbar jaridar birnin ta bayyana sunansa da wurin aikinsa. Ƴan jarida suka yi sansani a unguwarsu. Har manya ba su tsame bakinsu ba. Gwamnan jihar Ilinoi, inda Shikago take, ya yi ba'a cewa gara saurayin ya shiga shirin nan da hukuma take ɓoye masu ba da shaida. Gwamnan Florida kuma ya yi masa tayin mafaka.

Saurayin ya fitar da takarda a ranar. Ya bayyana cewa idonsa yana kan ƙwallo, bai ga Alou yana zuwa ba, ya kuma roƙi gafarar ƴan wasa da dukan magoya bayan ƙungiyar da yake ƙauna tun yana yaro. Mutumin da ake zagi da cewa ya kashe Cubs, a lokacin hutunsa yara yake koya wa besbol.

INA LAIFIN YAKE?

In aka zauna aka yi lissafi, ba a sha wuya ba. Tun farko Cubs ta ci karo 3, Marlins ta ci 1. Cubs ta faɗi a karo na 5 a birnin Mayami, 4 da babu, saurayin ba ya cikin wannan magana. A karo na 6, maki 8 duka an ci su ne bayan ƙwallon ya bar hannunsa, kuma ƴan wasa ne suka bari aka ci. A karo na 7, ran 15 ga Oktoba, Cubs tana gida, ta shiga gaba da 5 da 3, amma ta ƙare da faɗuwa 9 da 6, alhali saurayin yana ɓoye. Marlins kuwa ba kanwar lasa ba ce, don ta wuce ta doke Yankees ta birnin New York, ta ɗauki kofin shekarar. Shugabannin Cubs da kansu sun fitar da sanarwa cewa a cikin fili ake ci ko a faɗi, bai dace a ɗora wa ɗan kallo laifi ba. Prior ma ya faɗi irin haka.

To, me ya sa jama'a suka bar jaki suna dukan taiki? Zargin ƴan wasa yana da ciwo, don su ne gwarzayen da ake alfahari da su, kuma baɗi ma su za a zo a yi wa tafi. Yarda da cewa abokin karawa ya fi ƙarfi ta fi ciwo. Amma ga mutum guda, ba shi da rigar ƙungiya, ba shi da mai kare shi, hotonsa kuma yana gaban kowa. Baƙin cikin shekara 95 ya yi wa mutane nauyi, suka sauke shi bisa wanda ya fi kowa rauni. Da yawa daga cikin masu zagin, da ƙwallon ya nufo su, da sun miƙa hannu kamar yadda maƙwabtan kujerarsa suka miƙa. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Masu bin ƙwallon ƙafa sun san irin wannan hali. Moacir Barbosa, mai tsaron gidan Brazil, ya ɗauki zargin faɗuwar ƙasarsa a hannun Urugwai a 1950 har ya mutu a shekara ta 2000. Andres Escobar na Kolombiya ya ci gidansu bisa kuskure a gasar kofin duniya ta 1994, aka harbe shi a birnin Medelin bayan kwana goma. Waɗannan dai ƴan wasa ne, kuma ko su an zalunce su. Na Shikago kuwa kuɗinsa ya biya ya shigo kallo.

WASU SUN CI RIBA, SHI YA YI SHIRU

Wani ɗan kallo dabam ne ya tsinci ƙwallon. A watan Disamba na 2003 aka yi gwanjonsa, wani gidan abinci na Shikago ya saye shi a kan dalar Amurka dubu 113 da ɗoriya. Ran 26 ga Fabrairu na 2004 aka tarwatsa shi da nakiya a gaban jama'a, wai don a karya bakin da aka yi wa ƙungiyar. A 2005 aka tafasa ɓurɓushinsa, aka tara tururin, aka zuba cikin miyar taliya ana sayarwa.

Saurayin bai karɓi ko sisi ba. An yi masa tayin kuɗi masu yawa don ya fito a talla ko ya yi hira da ƴan jarida, ya ƙi. An yi masa tayin dalar Amurka dubu 25 don ya sa hannu bisa hoto guda, ya ƙi. Kyaututtukan da magoya bayan Marlins suka aiko masa, ya ce a miƙa su ga wata ƙungiya mai tallafa wa binciken ciwon sukari na yara. Ko a 2011, da Alex Gibney ya shirya fim a kan lamarin, bai yarda ya bayyana a ciki ba. Ya ci gaba da aikinsa, ya kama bakinsa.

A watan Nuwamba na 2016, bayan shekara 108, Cubs ta doke ƙungiyar birnin Kilibland a karo na 7, ta ɗauki kofi. Al'ada ce a ƙera wa ƴan wasan da suka ci gasar zoben girma. Ran 31 ga Yuli na 2017, masu ƙungiyar suka ba mutumin nan zobe irin na ƴan wasa, da sunansa a jiki. A takardar godiyar da ya fitar, ya nuna cewa bai ɗauki kansa wanda ya cancanci wannan girma ba. Ya yi fatan abin da ya same shi ya zama darasi, a daina ɗora wa mutum guda laifin taro, kafofin labarai kuma su riƙa kiyaye mutuncin mutane.

Zobe abu ne mai kyau, amma ba ya mayar da shekara kusan 14 da mutum ya yi yana ɓoye fuskarsa a garinsu. Kuma abin lura ne cewa sai da aka ci kofi tukuna zukatan da yawa suka huce, alhali gaskiyar lamarin tana nan tun daren farko. Wannan darasi ya shafi kowane fili, na besbol ne, na ƙwallon ƙafa ne ko na kokowa. Ɗan kallo ya tuna cewa wanda taro ya nuna da yatsa yana da iyaye da gida da wurin aiki. Ɗan jarida ya auna kafin ya buga sunan talaka. Mai mulki kuma, in ya ga taro ya taso wa mutum guda, aikinsa ya kashe wutar, ba ya ƙara mata itace ba. Wasa dai wasa ne, yau a ci, gobe a faɗi. Allah ya kyauta.