Zaman jiran kuɗi a Kumasi: abin da baƙon falke zai tarar

'Yan uwa da dama, musamman samarin da suka fara bin tirela zuwa Gana, sukan tambaye mu yadda zaman Kumasi yake. Amsar ita ce sayar da shanu ba ya cin kwanaki da yawa. Abin da ke cin kwanaki shi ne karɓar kuɗin. Mutum zai sauke garkensa a kasuwar mayanka ta Kase, cikin kwana uku ko huɗu turke ya zama wayam, amma aljihu ma wayam, domin galibin mahauta bashi suke ɗauka, sai sun sayar da nama su biya. To wannan jira, na sati biyu ko wata guda ko fiye, shi ne ainihin zaman baƙunta, kuma a cikinsa riba ke tsira ko ta narke.

Mu fara da maigida, tunda komai a kansa yake rataye. Wanda bai taɓa zuwa ba yakan ɗauka maigida mai ba da ɗakin kwana ne kawai. A'a. Shi ne ya san mahaucin da ke biya da wanda ke ɓuya, shi ke tura dillalansa su yi ciniki, shi ke tsayawa lamuni, kuma yaransa ne ke bin bashin gida gida. Ɗakin da ya ba ka da tuwon dare, la'adar da ke fitowa daga cinikin shanunka ce ke biyansu. Tsarin tsoho ne, tun zamanin da kakanninmu ke zuwa Gwanja da jakuna neman goro. Wata Baturiya mai suna Polly Hill, wadda daga baya ta zauna Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta bayaninsa a 1966 bayan ta bincika kasuwar Kumasi, kuma wanda ya karanta yau zai ga ƙashin bayan abin bai sake ba. Saboda haka kada ka zaɓi maigida don gidansa na da fanka da talabijin. Ka tambayi waɗanda suka riga ka sauka wurinsa: in mahauci ya gudu da kuɗi, yana biya daga aljihunsa, ko sai ya ce a yi haƙuri? Kuma me ya sa ba za ka riƙe shanunka sai mai kuɗi hannu ya zo ba? Saboda ƙasar kurmi ce. Azawak da bororo da suka sha tafiyar sama da kilomita 500 daga iyakar Faga, ta Bolga da Tamale da Teciman, ba su jure laima da kaska da tsando. Kullum rana ta faɗi sa ya rage nama, ga kuɗin ciyawa da na ruwa da na mai gadi. Mahauta sun san haka sarai, shi ya sa ba su gaggawa.

Sai maganar lissafi, inda baƙo ke fara shan kunya. Mu da dala muke ƙirga, mu ce jikka ɗari biyu muna nufin sefa 200.000. Su kuma suna da nasu rikicin. A watan Yuli na 2007 gwamnatin Gana ta cire sifiri huɗu daga kuɗinta, tsohon sidi 10.000 ya koma sabon sidi 1. Amma har yau tsofaffin kasuwa da yawa bakinsu bai saki tsohon lissafi ba. In mahauci ya taya sanka miliyan tamanin, kada zuciyarka ta buga, sidi 8.000 yake nufi. An yi wani yaro da ya ji an taya bijimin ubansa da miliyoyi, ya ruga ya buga waya gida yana albishir, aka kwana ana murna a banza. Maganin abin mai sauƙi ne: duk cinikin da aka sallama, a rubuta adadin da lamba a takarda ko a fuskar waya, da sunan mai saye da ranar biya, gaban dillali da shaida.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne sidi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sefa ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655,957, ba ta motsi sai irin abin da ya faru a Janairun 1994 da aka karya darajarta da rabi. Sidi kuwa sakakke ne. A farkon 2022 dalar Amurka ɗaya tana wajen sidi 6, kafin watan Nuwamba ta haura 14. Wanda ya ba da shanu bashi a lokacin, ko an biya shi cif cif, abin da ya canza zuwa sefa bai kai abin da ya lissafa ba. A 2025 kuma abin ya juya, cikin 'yan makonni dala ta sauko daga sidi 15 da wani abu zuwa 10 da wani abu, masu jiran bashi suka ci riba suna kwance. Ra'ayinmu dai, falke ba ɗan caca ba ne. Duk abin da ya shigo hannu a canza shi ko a sa shi cikin kaya, kada a tara ana jiran sa'a.

To ya ake cinye ranakun? Yawancin baƙinmu suna sauka a unguwannin zango, irin su Abuwabo, Asawase da Sabon Zango, kuma a nan ba ka buƙatar tafinta. Hausa ce harshen zango, har Dagomba da Mosi da Zabarmawa da ita suke ciniki. Sai dai Hausar tasu ba ta raba mace da namiji. Za ka ji mutum ya ce matana ya tafi kasuwa, ko yarinya ya zo. Kada ka yi dariya, kuma kada ka gyara wa dattijo magana, a garinsa kake. In ka fita zango zuwa babbar kasuwar Kejetiya, sai harshen Asantawa, waɗanda tsofaffinmu ke kira Tonawa. Kalma huɗu sun isa fara hulɗa: akwaba, wato sannu da zuwa, medase, na gode, sen, nawa ne, te so, rage mini. Mai tallar da ta ji baƙo ya ce medase takan yi masa gyara. Suna kuma raɗa suna da ranar haihuwa kamar yadda muke da Ɗanjuma da Ɗanladi da Ɗan'asabe: Kofi na Juma'a, Kwasi na Lahadi, Kwame na Asabar. In an tambaye ka ranar da aka haife ka, suna ake nema maka, alamar an fara sakin jiki da kai ke nan.

Abinci ba matsala. Da safe koko da ƙosai, har ma su da kansu koko na Hausa suke ce masa. Shinkafa da wake sun maida ita wace, suna dafa ta da karan dafi ta yi ja, tuwon zafi ma da sunansa na Hausa ya shiga bakinsu. Akwai fura da nono. Inda za a yi hattara shi ne gidajen abinci na cikin gari. Sakwararsu da miyar gyaɗa ko ta kwakwar manja akwai daɗi, amma a leƙa tukunya a tambaya, don ana sa naman daji, da dodon koɗi, wani wurin har ƙafar alade. Sannan damina biyu gare su, ɗaya daga wajen Maris zuwa Yuli, ɗaya daga Satumba zuwa Nuwamba. Rigar da ka wanke takan kwana biyu ba ta bushe ba, sauro kuwa ba ya hutu. A tafi da gidan sauro. Zazzaɓi ya fi ɓarawo cin kuɗin falke.

Ranar Asabar ka ga gari ya cika da masu baƙin zane da ja, ana kiɗa ana rumfuna, kada ka ɗauka wata fitina ce. Jana'iza ce. Asantawa sukan ajiye gawa makonni, wani lokaci watanni, sannan a yi babban taro, a ciyar da ɗaruruwan mutane. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin naman ƙarshen mako da na Kirsimeti da Ista da ƙarshen wata shi ke sa mahauci ya samu abin biya. Mai hankali yakan aika a tuna wa mahauci bashi ran Litinin, lokacin da kuɗin Asabar ke hannunsa. Wanda kuma zamansa ya yi daidai da Akwasidaye, bikin da ake yi ran Lahadi duk bayan sati shida a fadar Manshiya, ya je ya ga Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda ke kan gado tun 1999. Kallo ne da ya cancanci kuɗin mota.

Zaman banza kan sa mutum tunanin kafa ɗan tebur, ya sayar da waya ko takalma kafin kuɗi su fito. A yi hankali. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma a 2019 an rufe shagunan 'yan Nijeriya da dama a Kumasi kan wannan magana. Takardu ma kada a yi wasa da su. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar kwana 90 ba biza, amma Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu har sai an sake sanarwa, to amma abin da aka bari har sai an sake sanarwa ba abin jingina ba ne. Kafin ka ɗora shanu a mota ka tambayi ofishin ƙungiyarmu halin da ake ciki, ka riƙe katin allurar shawara, da takardun likitan dabbobi da na duwan, ka ajiye hotonsu a waya. Tsofaffin zango ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar ƙasar, mutane suka sayar da gidaje da kaya a wulaƙance. Layin waya ma, in za a daɗe ana amfani da shi, sai da katin shaida na Gana ake rajistarsa, shi ya sa baƙi da yawa ke karɓar kuɗinsu ta wayar yaron maigida. In dole ta sa haka, kowane kuɗi ya shigo a nuna maka saƙon, ka rubuta a littafinka nan take.

Ranar da bashi ya kammala, a zauna da maigida a yi lissafi dalla dalla kafin a yi sallama: kuɗin shanu nawa, la'ada nawa, ciyawa da gadi nawa, abin da ka ranta na kashewa nawa. In akwai ragowar da ba ta fito ba, a rubuta sunan mahaucin, maigida ya sa hannu cewa tana wuyansa. A ba yaran da suka bi maka bashi ɗan goro, a sallami uwargidan da ta yi ta dafa maka tuwo. Kuɗin kuma kada a ɗaure su duka a ƙugu ɗaya, hanyar Burkina ba ta yadda muka san ta a da ba ce. A raba, wani ta hannun 'yan canji da aka sani, wani cikin goro ko wani kayan da ke tafiya a kasuwar gida, abin da ya rage a jiki ya zama na hanya kawai.