Da tsohuwar zuma ake magani? Abin da komawar Ahmed Musa Kano Pillars ke koya wa Zamfara

A gidajen kallon ƙwallo na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, da zarar an tashi wasan Ingila ko na Sifaniya, hira kan koma kan ƙwallon gida. Tambayar da ta fi raba kan matasa ita ce: idan ƙungiya tana son farfaɗowa, ta ɗauko gogaggen ɗan wasan da ya yi suna a waje ne, ko kuwa ta zuba kuɗin wajen renon yara?

Tambayar ta shafi Zamfara kai tsaye. Zamfara United ta taɓa buga gasar Firimiyar Najeriya a filin wasa na tunawa da Sardauna da ke Gusau, amma yau fiye da shekara goma ke nan rabonta da gasar. Kuma da yake gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da yawancin manyan ƙungiyoyin Arewa, kuɗin da za a ba tauraro kuɗin jama'a ne. Misali mafi kusa da za a auna wannan muhawara da shi yana Kano.

Yadda Musa ya tafi, ya dawo, ya sake dawowa

An haifi Ahmed Musa a Jos ranar 14 ga Oktoban 1992. A kakar wasa ta 2009/2010, yana ɗan shekara 17, ya zura ƙwallo 18 a raga a rigar Kano Pillars, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a gasar kafin lokacin. Daga nan ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan, ya koma CSKA Moscow a 2012, sannan Leicester City ta saye shi a 2016 kan kusan fam miliyan 16, kuɗi mafi yawa da ta taɓa biya a kan ɗan wasa a wancan lokaci. A 2018 ya koma Al-Nassr ta Saudiyya.

A tawagar Super Eagles, yana cikin waɗanda suka ɗauki Kofin Afirka a 2013. Ya ci Ajantina ƙwallo biyu a Gasar Kofin Duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018, kuma shi ne ɗan wasan da ya fi kowa buga wa Najeriya wasa.

Dawowarsa ta farko Pillars ta kasance a watan Afrilun 2021, bayan ya shafe watanni ba shi da ƙungiya. Zaman bai wuce kusan wata uku ba, ya tafi Fatih Karagümrük ta Turkiyya. Akwa United ce ta ɗauki kofin wannan kaka. A shekarar da ta biyo baya, 2022, Pillars ta faɗo daga gasar Firimiya, ƙungiyar da ta ɗauki kofin sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Ta dawo a 2023.

Dawowa ta biyu ta zo a watan Oktoban 2024, bayan rabuwarsa da Sivasspor. A wasansa na farko ya ci Sunshine Stars ƙwallo biyu, Pillars ta yi nasara da ci 2-0. A can ya tarar da Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, tsohon mai tsaron baya na Super Eagles wanda shi ma ya dawo gida bayan shekaru a waje, da kuma Rabiu Ali, wanda magoya baya ke kira Pele, ɗan wasan tsakiyar da ya haura shekara 40 yana raba ƙwallo. A watan Yulin 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Musa janar manajan ƙungiyar.

Hujjar masu cewa a ɗauko

Hujja ta farko ita ce kasuwa. Gasar Najeriya ta daɗe tana fama da ƙarancin 'yan kallo, domin hankalin matasa ya koma kan Arsenal da Real Madrid da Barcelona. Sunan da aka sani a duniya yana jawo mutane fili, a gida da waje, yana jawo kyamarorin talabijin da kamfanonin talla. Wanda bai taɓa neman sakamakon wasan Pillars ba ya fara nema saboda Musa.

Hujja ta biyu ita ce tarbiyyar 'yan wasa. Yaron da ke atisaye kullum da wanda ya buga Kofin Duniya yana koyon abin da koci ba zai iya faɗa masa da baki ba: lokacin barci, irin abinci, yadda ake karanta kwantiragi, yadda ake riƙe zuciya idan alƙalin wasa ya yanke hukuncin da bai yi daɗi ba. A gasar da ƙungiyoyi ke yin doguwar tafiya a mota kuma cin wasa a waje ke da wuya, natsuwar babba tana da daraja.

Hujja ta uku ita ce irin gurbin da ɗan wasan ke riƙewa. Akwai gurbin da ƙwaƙwalwa ta fi ƙafa aiki a cikinsa. Mai tsara wasa daga tsakiya, kamar Rabiu Ali, ba gudu ne jarinsa ba. Hangen inda abokin wasa zai kasance ne da iya ajiye masa ƙwallo a wurin. Shekaru ba sa cin wannan baiwa da sauri. AC Milan ta saki Andrea Pirlo a 2011 yana da shekara 32, Juventus ta ɗauke shi kyauta, ya ɗauki kofin Italiya sau huɗu a jere da ita. Zlatan Ibrahimovic ya koma Milan a farkon 2020 yana da shekara 38, kuma a 2022 ƙungiyar ta ɗauki kofin da ta shekara 11 ba ta gani ba.

Hujjar masu cewa a bari

Masu adawa sukan fara da jiki. Filayen wasa masu tauri da tafiyar kwana a hanya sun fi gajiyar da mai shekara 33 fiye da mai shekara 21, kuma raunin da yaro zai warke daga gare shi cikin mako uku kan kwantar da babba wata biyu. Ƙungiyar da ta gina dukkan dabararta a kan mutum ɗaya, ranar da ya ji ciwo ta shiga uku.

Wannan muhawara ta fi zafi a ƙwallon Amurka, inda ake da gurbin kwatabak, wato mai jefa ƙwallo wanda kowane hari ke farawa daga hannunsa. Tampa Bay ta ɗauki Tom Brady a 2020, ya kai ta ga kofi yana da shekara 43. Amma New York Jets ta yi musayar da ta kawo mata Aaron Rodgers a 2023, jijiyar agararsa ta tsinke a mintunan farko na wasansa na farko, kakar ta tafi a banza. Denver ta ba da 'yan wasa da damar zaɓen matasa don samun Russell Wilson a 2022, ta sallame shi bayan kaka biyu tana ci gaba da biyan bashin kwantiraginsa. Tampa Bay tana da ƙungiya mai ƙarfi tun kafin Brady ya zo. Mutum ɗaya ta rasa, ta kuma same shi.

Hujja ta biyu ita ce lissafin kuɗi. Gogaggen ɗan wasa ba ya sayuwa. Idan ya gama, ya gama. Matashi kuwa jari ne. Dokokin FIFA sun tanadi cewa duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Victor Osimhen ya fito ne daga wata ƙaramar makarantar ƙwallo a Legas, ya ci ƙwallo 10 a Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, kuma Napoli ta saye shi a 2020 kan kusan yuro miliyan 70. Idan aka tuna cewa Enyimba naira miliyan 100 ta samu da ta ɗauki kofin Najeriya a 2023, za a ga inda arzikin ƙwallo yake. Shi kansa Musa hujja ne a nan: Pillars ta fi cin moriyarsa yana ɗan shekara 17.

Hujja ta uku ita ce sakamako. A kakar 2024/2025, duk da manyan sunayen da ke Kano, Pillars a tsakiyar tebur ta ƙare. Wadda ta ɗauki kofin ita ce Remo Stars ta Ikenne a Jihar Ogun, ƙungiya mai zaman kanta ta Kunle Soname, wadda ta gina filinta da makarantar renon yara ta Beyond Limits, ta kuma shafe shekaru tana matsowa kusa da kofin kafin ta kama shi. Manchester United ma ta ga irin wannan: Cristiano Ronaldo ya dawo a 2021, ya ci ƙwallo 24 a kakar, ƙungiyar ta ƙare ta shida, aka rabu a Nuwamban 2022.

Inda siyasa ta shigo

A Turai, mai ƙungiya ne ke asara idan cinikin ya ɓaci. A Kano da Katsina da Sakkwato da Gusau, baitulmalin jiha ne. Duk da haka, ba al'ada ba ce a wallafa albashin 'yan wasa, ko kuɗin sa hannu, ko abin da aka tara a ƙofar fili. Saboda haka masu cewa tauraro yana biyan kansa ta hanyar tikiti da talla, da masu cewa ɓarnar kuɗi ne, duk suna jayayya ne ba tare da takarda a hannu ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa ɗauko tauraro ke burge masu mulki. Bikin gabatar da shi yana fitowa a labarai a ranar. Makarantar renon yara kuwa sai bayan shekara shida ko takwas take haifar da ɗa mai ido, lokacin da wa'adin gwamna ya ƙare ko ya kusa. Sauyin gwamnati kan zo da sauyin hukumar gudanarwa, wani lokaci har da koci.

Naɗin Musa janar manaja alhali yana buga wasa ya buɗe wata tambayar. Masu goyon baya suna ganin an ba da ragama ga wanda ya san yadda ake tafiyar da ƙungiya a Rasha da Ingila, ya kuma san 'yan kasuwa. Masu suka suna tambayar yadda koci zai ajiye shugabansa a benci. Babu ɓangaren da ke shakkar kishinsa ga ƙungiyar. Batun tsari ne.

Abin da ya faru a Oktoban 2025 ya nuna iyakar abin da suna zai iya yi. Bayan an tashi 1-1 da Shooting Stars a filin wasa na Sani Abacha, wasu magoya baya sun kutsa cikin fili, hukumar gasar ta zabtare wa Pillars maki uku, ta ci ta tara, ta mayar da wasanninta na gida Katsina. Jama'ar da tauraro ya tara, rashin tsaro a fili ya watsar da su.

Abin da Zamfara za ta ɗauka

Misalan nan suna nuna cewa gogaggen ɗan wasa yana cika ƙungiyar da ta kusa kammaluwa, ba ya gina wadda babu. Kafin a sa hannu a kan irin wannan kwantiragi, akwai tambayoyin da 'yan majalisar jiha da 'yan jarida da magoya baya suke da haƙƙin yi. Wane gurbi zai cike, kuma gudu ake nema a gurbin ko tunani? Wasa nawa ya buga a shekara biyun da suka wuce? An gama biyan sauran 'yan wasa albashinsu? Wane matashi ne zai koma benci saboda shi, kuma wane ne zai koya a hannunsa? Nawa ne kuɗin, kuma daga wane sashe na kasafi ya fito?

Ga ƙungiyar da ke neman hawowa daga ƙaramin rukuni, amsar ta fi karkata ga gogaggu biyu ko uku da suka san gasar gida, a tsakiya da baya da raga, a kewaye su da matasa. Nan ne matsalar arewacin Zamfara ta fito fili. Hare-haren 'yan bindiga a yankunan Zurmi da Shinkafi sun sa tafiya tsakanin garuruwa ta zama kasada, kuma mai farautar 'yan wasa ba ya zuwa inda yake tsoron hanya. Yaron da ya iya ƙwallo a Badarawa sai ya kai kansa Gusau ko Kano ko Kaduna kafin wani ya gan shi, kuma idan wata makaranta a can ce ta fara yi masa rajista, ita za ta ci kason FIFA ranar da aka sayar da shi.

Gasar makarantu da ta ƙananan hukumomi, da rajistar yara a hukumance tun suna shekara 12, da gyaran filaye irin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda don tara yaran yankin wuri guda, ba za su ci kuɗin tauraro ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Pillars ta iya kiran Musa gida ne saboda ta ba shi riga tun yana yaro a 2009; Zamfara sai ta fara samun nata yaron kafin ta yi maganar wanda zai dawo.