Kula da Ɗan Kwikwiyo a Gidan Manomi

Manoma da makiyaya a Zadawa da kewayen Azare kan ajiye kare domin gadin gida, garke da gona. Amma karen da bai samu kulawa tun yana ƙarami ba na iya zama hanyar shigowar cuta ga iyali da dabbobi.

Shiri

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8. A tanadar masa rumfa mai inuwa, nesa da madafa da randar ruwa, tare da kwanonsa na kansa. A lokacin hunturu a shimfiɗa masa buhu.

Abinci

A ba shi tuwo mai laushi da dafaffen nama ko kifi sau 3 zuwa 4 a rana, da ruwa mai tsabta. Kada a ba shi ɗanyen kayan ciki, domin ta nan yake ɗaukar tsutsar da kashinsa ke yaɗa wa tumaki, awaki da mutane.

Lafiya

A ba shi maganin tsutsar ciki duk mako 2 har ya kai mako 12, a riƙa cire masa kaska. Da ya cika wata 3 a kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar riga-kafin haukan kare, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke sarrafawa, a maimaita duk shekara.

Gargaɗi

Haukan kare ba ya warkewa da zarar alamunsa sun bayyana. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar. Malaman gona su riƙa tunatar da manoma wannan.