Na'urar auna iska da sauti: gaskiya da ƙarin gishiri

Wanda ya saba ganin kofuna uku suna juyawa a kan dogon ƙarfe a filin jirgin sama, in ya ga sabuwar na'urar da ba abin da ke motsi a jikinta, sai ya ɗauka ta lalace. Lafiyarta ƙalau. 'Yan ƙarafa ne uku ko huɗu masu kama da yatsu, tazarar santimita 10 zuwa 20 tsakaninsu, suna aika wa juna sauti. A zafin digiri 20, sauti na cin kusan mita 343 a daƙiƙa. In ya bi iska ya isa da wuri, in ya tunkare ta ya makara. Daga wannan bambancin lokaci ake lissafa gudun iska, a haɗa na kowane ɓangare a gane inda ta fito.

Batun cewa tana fitar da wani abu mai cutar da jiki, irin na hoton ƙashi a asibiti, ba shi da tushe. Sauti ne kawai, siririn da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, shi ya sa kunnen mutum ba ya kama shi.

Masu cewa zafin rana na rikita ta sun kama gefen gaskiya, domin sauti ya fi gudu a iska mai zafi. Sai dai na'urar na auna zuwa da dawowa, tasirin zafin ya soke kansa a lissafi. Har zafin iskar ma tana iya faɗa.

Inda ake zuzutawa shi ne wai ba ta kuskure. Gaskiya ne ta huta da ciwon kofunan da Thomas Romney Robinson ya ƙirƙira a Armagh a 1846: ba gindin da zai cinye, ba inda ƙurar hunturu za ta cushe juyi. Daskarewar kofuna da ƙanƙara ce ta sa Amurka ta sauya na filayen jiragenta daga 2005. To amma can ɗin aka ga tsuntsaye sun sami wurin hutawa, kuma tsuntsu ɗaya in ya tare hanyar sauti, lissafi ya watse. Ɗigon ruwa a bakin yatsun ma kan sa ta yi ƙarya.

Hasashen ruwan sama kuwa ba aikinta ba ne, iskar da ke kaɗawa yanzu take faɗa. Ita ma sai an kafa ta bisa ƙa'ida, mita 10 daga ƙasa, a fili, nesa da gini da itatuwa.