Gidan Abinci A Cikin Gona: Dabarar Manoman Italiya

A ƙasar Italiya akwai wata sana'a da manoma ke haɗawa da noma, suna kiranta agriturismo. Watau manomi ya gyara wani sashe na gidan gonarsa, ya sa tebura da kujeru, mutanen birni su zo su biya kuɗi su ci abin da gonar ta haifar. Waɗansu har da ɗakunan kwana. Masu fili kuwa sukan ba da hayar tsakar gida ko tsohon ɗakin ajiye ciyawa, a yi bikin aure a ciki.

Wahala ce ta kawo wannan dabara. A dā galibin gonakin lardin Toskana noman rabo ake yi: mai ƙasa ya ba da gona da gida, manomi da iyalinsa su yi aiki, in kaka ta yi a raba amfani biyu. To, daga wajen 1950 masana'antu suka bunƙasa a birane, samari suka yi ta barin ƙauye. A 1964 gwamnati ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar noman rabo. Gidajen gona masu yawa suka zama kufai. A 1965 aka kafa ƙungiyar Agriturist don jawo baƙi zuwa karkara, kana a 1985 majalisa ta yi wa sana'ar doka, aka sabunta ta a 2006. A 2022 irin waɗannan gonaki sun haura 25,000, fiye da 5,000 a Toskana kaɗai.

Ina ribar take? Manomin da ya sayar da alkamarsa a buhu, sau ɗaya ya ci kuɗinta; dillali da mai injin niƙa da mai dafawa kowa ya ci nasa a bayansa. Amma in ya niƙa ta, aka murza taliya a gidansa, aka zuba tumatir da man zaitun da cukun gonarsa, duk ribar nan ta tsaya gida. Ba kuɗin mota, ba ruɓewar kaya a hanya, gama mai saye shi ya tako da ƙafarsa.

Sai dai dokar ba ta bar ƙofa a buɗe ba, nan kuwa ta yi hikima. Tilas mai wurin ya zama manomi na gaske, noma ya kasance shi ne gaba, saukar baƙi tana biye. Yawancin abin da za a dafa tilas ya fito daga gonarsa da gonakin yankinsa. Kowane lardi shi ke yanka ma'auninsa. Da ba don haka ba, da wani attajiri ya sayi gona ya gina otal, ya ɗaure akuya biyu a ƙofa don ado.

Aikin ba na malalaci ba ne. Ma'aikatan tsabta suna zuwa duba madafa da ruwan sha. Da hunturu baƙi sukan ɗauke ƙafa. Mafi wuya kuma, watannin Yuni da Yuli da ake yawan bukukuwan aure su ne lokacin girbin alkama. Gidan da ba shi da hannuwa da yawa tilas ya ɗauki 'yan ƙodago, ko kuwa ya rage karɓar biki har a gama kai amfani gida.